Haladu Masaƙi da Zaren Turai

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, mai tunawa da mai mantuwa duka.

A shekarar nan da sanƙarau ya hana alhazan ƙasarmu sauke farali, wadda kuma a cikinta aka yanke mana jihar Zamfara daga Sakkwato, mutane ba su gama yi wa juna barka ba Allah Ya karɓi ran Malam Haladu masaƙi na Ƙauran Namoda. Ya cika ranar Lahadi da hantsi, bakwai ga watan Jimada Sani, wanda aka ce mini ashirin ga Oktoba ke nan a lissafin boko. Ba annobar ce ta ɗauke shi ba, ita ta lafa tun saukar ruwan fari. Ciwon ƙirji ne na 'yan kwanaki, ya kwanta bai tashi ba.

Ni ne Sodangi, yayan matarsa Turai. Ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne, maƙwabcina Malami, tsohon akawun tashar jirgi, yana rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Haladu, tun muna yara a Katuru muka san juna, a masaƙar mahaifinka. Rana ɗaya aka zaunar da mu aka ba kowa ƙoshiya, abin da ake jefa zare da shi. Kai ka zauna, ni na tashi, don zama wuri ɗaya ba halina ba ne. Na gangaro Ƙaura na shiga dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi. Ka auri ƙanwata, kuka biyo ni shekarar da aka sami mulkin kai, ka kafa masaƙarka a unguwarmu. Tun daga nan muke gardama. In na ce rijiyar masallaci an haƙa ta kafin yaƙin basasa, sai ka ce bayansa. Ni ne da gaskiya, kai ma ka sani, tunda ni ake nema a garin nan in an yi musu kan iyakar gona ko shekarar haihuwar wani. Amma ba ka taɓa bari na ci gardama a arha ba, kuma wannan zan rasa.

Da yadin kamfani ya cika kasuwa, saƙar hannu ta mutu a hannun masu ita. Ba ka zauna kana zagin zamani ba. Ka kwance masaƙar, ka ɗaure itatuwanta ka ɗora a kan rumbu, ka shiga awon hatsi, ranar Alhamis kana Shinkafi, wata rana kana Zurmi. Matan da mazansu suka rasu sun san mudunka. A shekarar fari na ga kana auna wa wata tsohuwa gero, ka cika mudu ya yi tozo, ka ƙara da hannu biyu, kana kallon wani wuri kamar ba kai kake yi ba. Da na yi maka magana ka ce hannunka ne yake rawa.

Amma ba don awon hatsi na sa a rubuta wannan ba. Don abin da ka yi wa Turai ne, kuma ina so masu irin wannan lalura a gidajensu su ji.

Shekara biyu ke nan ko fiye da mantuwa ta fara kama ta. Da fari abin dariya ne. Ta sa gishiri sau biyu a miya, ta nemi mabuɗi yana ɗaure a bakin zanenta. Daga nan ta fara tambayar ko an yi azahar alhali yanzu ta sallame. Ranar da na tabbatar abin ya wuce wasa ita ce ranar da ɗanku na fari, Muhtari, ya zo daga Sakkwato inda yake tuƙa motar ma'aikata, ta dube shi ta ce, “Muhtari, ka rame.” Matar da tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba saboda alkunya. Yaron, da furfurarsa, ya juya baya yana share ido. Kai kuwa ka ce masa, “To ka ji sunanka a bakin da ya dace. Mu mun gaji da ara mata baki.”

Masu ba da shawara sun zo. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce hannu aka sa mata. Ka karɓi addu'ar kowa, ka ƙi hayaƙin kowa. Abin da ka lura da shi daban ne. Ka ga wata rana ta tsinci guntun auduga a tsakar gida, tana zaune tana murza shi a yatsu har ya zama zare, kuma muddin tana murzawa ba ta tambayar komai, ba ta neman hanyar waje. Turai kuwa a zamaninta babu mai kaɗi kamarta daga Katuru har Shinkafi. Washegari ka sauko da itatuwan masaƙa daga kan rumbu, gara ta ci rabi, ka sassaƙa sababbi. Ka nemo mata mazarinta na kaɗi a ƙasan adaka, ka ƙona ƙashi ka yi mata allin shafa wa yatsu.

Na ce maka, “Saƙa a wanga zamani? Wa za ya saya?”

Ka ce, “Ba mai saye nika biɗa ba, Sodangi. So nikai ta tashi da sahe ta san ana jiran ta.”

Kuma da gaske ake jiran ta, nan ne hikimarka. Ba ka ba ta auduga don ta yi wasa kamar yarinya ba. Muhtari ya aiko da zaren kamfani don ya hutar da ita, ka mayar masa. Zaren da ta kaɗa jiya shi kake saƙawa yau, in ba ta yi ba masaƙa ta tsaya, kuma ta san haka. Da hannunta ya fara nauyi, siririn zaren ya dinga tsinkewa, ba ka ce mata ta gaza ba. Sai ka bar saƙar farin yadi ka koma gwado, wanda ke son abawa, zare mai kauri da ba ya jin kunyar ƙulli. Ta yi ta mita wai ka mayar da ita mai aikin koyo, amma ta kaɗa.

Akwai ranakun da ba ta gane ka a matsayin mijinta. Sai ta ɗauke ka masaƙin unguwa mai zuwa karɓar zare. Da wani namijin ne, da ya yi fushi, ko ya tsaya yana rantsuwa shi ne mai gidan. Kai sai ka fita ka sake sallama daga bakin ƙofa, ka ce, “Masu zare, an gama mini?”

Ta ce, “Kai wanga masaƙi da gaggawa kake. Zare ba tuwo ba ne.”

Da yamma in hankalinta ya dawo gida, na sha jin ta tana kai maka ƙararka. “Malam, yau wani masaƙi ya zaka ya dame ni.”

Ka ce, “Ya yaba zaren?”

“Ya yaba.”

“To mai hankali ne, ki ƙyale shi.”

Salla ma haka. Da ta fara ɓata lissafin raka'a tana kuka a kan tabarma, sai ka riƙa dawowa daga masallaci ka tsaya kusa da ita kana karantawa a bayyane tana bi. Fatiha ba ta taɓa kuɓuce mata ba, har yau.

Haka kuke har aka sha ruwan azumin bana, zafi ya sauko, sanƙarau ya shigo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Yaro ya kwana lafiya, da rana ya ce kansa, kafin la'asar wuya ya sandare. Aka kafa rumfuna aka shimfiɗa marasa lafiya jere. Aka ce a daina cunkoso, a daina kwana ɗaki a rufe. Biki ya tsaya, suna sai a raɗa a watse. Matan unguwa da ke leƙo Turai suna taya ta hira suka ɗauke ƙafa, kowa na tsare nasa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai shirun ya yi mata illa. Gidan da ta saba jin muryoyi ya zama ita da kai kaɗai, mantuwar ta ƙaru.

Wata rana da tsakar rana kana alwala ta ɗauki kwano ta fice. A tashar jirgi aka same ta, ba takalmi, gumi ya jiƙe ta, tana tambayar 'yan dako ina Sodangi, ta kawo masa fura. Ni da na bar dako tun kafin a canja kuɗi zuwa naira. Wani mai babur da ya san ku ya dawo da ita. Kafin magariba magana ta gama unguwa: sanƙarau ya taɓa wa Turai kai. Ba mugunta ce ta sa suka faɗi haka ba. A kwanakin nan duk wanda aka ga yana sambatu, cutar ce. Mai unguwa ya zo da kansa, ya tsaya nesa da zaure, ya ce don Allah a kai ta rumfa a kwantar, kada ta shafa wa jama'a.

Na ga fuskarka a ranar, ban taɓa ganin ta haka ba. Ka san in aka kwantar da ita cikin masu cutar, lafiyayyar mace za ta ɗauko abin da ba ta da shi. In ma ta tsira, kwana uku cikin baƙin fuskoki ya isa ya tsinka ɗan zaren da ke riƙe da ita. Ba ka yi wa mai unguwa musu ba. Ka ce a ba ka zuwa gobe. Da safe muka kai ta wurin da ake allurar rigakafi, aka yi mana mu uku, sannan ka roƙi malamin asibiti ya duba ta. Ya taɓa goshinta, ya sa ta kai haɓa ƙirji, ta kai ba wuya. Ya ce wannan ba sanƙarau ba ne, ruɗewar tsufa ce, ba ta yaɗuwa, a riƙe ta a gida inda ta saba. Muka dawo da maganarsa, amma tsoro ba ya jin “an ce”. Masu tallar nono suka daina tsayawa ƙofarku. Mai ruwa ya ce a ajiye masa tulu a waje.

Sai ka yi abin da ya haɗa ni faɗa da kai. Ka kwance masaƙar daga cikin gida ka kafa ta a ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro, ka ja wadari, dogon zaren da ake saƙa a kansa, har kusa da hanya. Ka shimfiɗa wa Turai tabarma a bakin zaure, ka ajiye mata auduga da mazari.

Na ce, “Ƙanwata za ka baje bakin hanya awa mai tallar goro? Muna da mutunci a garin ga.”

Ka ce, “Zamna ka duba wuyanta.”

Na duba. Mai kaɗi kanta a sunkuye yake, ta ɗaga hannu ta bi zaren da ido, ta sake sunkuyawa ta naɗe. Mai sanƙarau kuwa ko yaro ya san ba ya iya sunkuyar da kai. Ba ka yi wa kowa bayani ba, ba ka kira kowa shaida ba. Duk mai wucewa zuwa rijiya ko masallaci ya ga wuyan Turai yana sauka yana tashi daga hantsi zuwa azahar. Kai kuma kana gefe kana saƙa gwado a cikin zafin da kare ma ba ya fita, mutane na cewa tsohon ma ya taɓu.

Har yau ban ce na yi kuskure ba, don ina nan kan cewa bakin hanya ba wurin zaman 'yar gidanmu ba ne. Na dai ce kai ka yi daidai.

Ba a yi mako ba mai nono ta dawo. Sannan Hajiya Indo ta ƙofar gabas, wadda ta fi kowa tsoro, ta zo ta tsaya daga nesa tana kallo, ta ce, “Turai, wagga abawa ta yi kauri.” Turai ba ta tuna sunanta ba, amma ta ce, “In kin iya, zamna ki gwada.” Washegari Hajiya Indo ta zo da nata mazarin, wanda ta ce rabonta da shi tun tana goyon autanta. Suka zauna a sarari, tsakaninsu da tazara kamar yadda malaman asibiti suka ce, iska na wucewa. Bayanta Fatimatu matar limamin unguwa ta biyo. Kafin ruwan fari ya sauka ya kashe kaifin cutar, tsofaffi uku ke kaɗi a bakin zaurenka, suna tsegumin mutanen da suka mutu tun zamanin sulai. A irin wannan hirar Turai ba ta da na biyu, don abin da ya daɗe yana nan daram a kanta, na jiya ne ba ya zama. Akwai ranar da ta gyara mini sunan wanda ya fara kawo injin niƙa Katuru. Na yi gardama, na kwana ina tunani, na ga ita ce da gaskiya. Kai kaɗai na faɗa wa, ka yi dariya har ƙoshiya ta faɗi.

Da ciwonka ya tsananta ka sa aka kira ni. Ba ka yi mini dogon wasici ba. Ka nuna mini wani ƙunshi a kan gado ka ce farin yadi ne da ka saƙa da siririn zarenta na ƙarshe, tun kafin hannunta ya yi nauyi, a sa ka a ciki. Sannan ka ce, “Akwai gwado bisa masaƙa, ya kai rabi.” Iyakar abin da ka ce ke nan, kuma na ji sauran. A cikin zaren Turai muka naɗe ka, Haladu. Masu wanka sun ce sun daɗe ba su taɓa likkafani mai laushinsa ba.

Yanzu ga inda magana take. Muhtari an mayar da aikinsa Gusau tare da sabuwar jiha, an ba shi ɗaki biyu. Ranar addu'ar uku ya same ni ya ce, “Kawu, zan tahi da Inna. Can ga asibiti kusa, ga matata. Nan wa za ya duba ta?” Yaro ne mai jin ƙan uwarsa, kuma tambayarsa tambaya ce. Amma na ga Turai a ɗakin siminti, ƙofa a kulle don kada ta fita, ba zaure, ba Hajiya Indo, ba mai jiran zarenta. Na ce masa takaba a ɗakin miji ake yin ta, wata huɗu da kwana goma, ya ba ni wannan. Ƙanwarsa Hindu da ke aure a Sakajiki mijinta ya yarda ta dawo ta zauna da uwar har a fita. In an fita takaba ya ga uwarsa ta lalace, ni da kaina zan ɗora ta a mota. In ya same ta kamar yadda ubansa ya bar ta, a bar ta a gidanta.

Ya ce, “Kawu, Baba saƙa yakai mata. Kai fa?”

Na ce, “Ni da ubanka rana guda anka ba mu ƙoshiya.”

Ya ce, “Shi ya riƙe tasa.”

Ɗanka ne, ba shakka. Amma ya yarda.

Abin da na fi tsoro shi ne tambayarta. Ranar jana'iza ta sani, ta yi kuka, ta yi maka addu'a. Kwana biyu bayan nan ta tashi ta manta. Shekaranjiya na shiga na same ta da abawa cike da faifai, ta ce, “Yaya, wanga masaƙi bai zaka ba. Ko ya sami mai zare wani wuri?” Hindu ta yi mini ido in ce ka yi tafiya. Na tuna ban taɓa jin ka yi mata ƙarya ba, ko a ranakun da ƙarya ta fi sauƙi. Na zauna na ce, “Turai, Malam Haladu ya riga mu gidan gaskiya.” Hawaye ya zubo, ta ce Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa raina zaren kowa ba. Ban san ko mijinta take wa addu'a ko masaƙin unguwa ba, kuma na ga duk ɗaya ne, addu'ar ta isa inda za ta. Sannan ta leƙa waje ta ga wadarinka a miƙe, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, “To shi wancan haka za a bar shi rana ta cinye? Ku maza ba ku da tattali.”

Wannan faɗan da ta yi mini shi ya kwantar mini da hankali. Mai faɗa a kan wadari tana nan tare da mu.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ɗan Maitama ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Yadda ya rufa asirin baiwarKa a lokacin da hankalinta ya yi rauni, Ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Yadda ya cika mudu ya ƙara da hannu, Ka cika masa mizani Ka ƙara daga falalarKa. Ka jiƙan waɗanda annobar bana ta ɗauka, yara da manya, Ka ba iyayensu dangana, kada Ka maimaita mana irinta. Ka sa ya zama Aljanna ce makomarsu baki ɗaya, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanwata Turai, ko da za a karanta mata ta manta kafin la'asar. Ina yi wa Muhtari da Hindu da 'ya'yansu, da dangi na Katuru da Sakajiki, da abokan awonsa na Shinkafi da Zurmi, da Hajiya Indo da Fatimatu waɗanda suka ce ba za su ɗauke mazarinsu daga gidan ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Haladu, audugar bana ta fara buɗewa a gonakin bakin gulbin Gagare, na riga na yi magana a ajiye mana ta farko. Gobe in Allah Ya kai mu, in na fito masallacin asuba ba zan koma gida ba. Zan tsaya a bakin ƙofarka in yi sallama in ce, “Masu zare, an gama mini?” Sannan in zauna a wurinka in ɗauki ƙoshiyar da na ajiye tun ina yaro. Gefen gwadon zai karkace, na sani, kuma Turai za ta gani tun daga zaure ta ce wannan masaƙin bai kai na da ba. Ba zan yi mata gardama ba.